Jiƙon Dusa da Kazar Dada

A waya na fara ganin abin. Wani mutum ne yake zuba abincin kaji a bokiti, ya cika da ruwa, ya bar shi kwana uku har ya yi tsami, sannan ya ba su. Wai sun fi ƙoshi da ɗan kaɗan, cikinsu ya fi lafiya, ɓawon ƙwai ya fi ƙarfi. Bidiyon nan na kalle shi har datata ta ƙare. Duk wanda na tarar a layinmu na unguwar Kagarawal sai na yi masa bayani, har mai shagon caji ya fara ce mini Dakta.

Kaji tara gare mu a tsakar gida. Takwas nawa ne, ɗaya ta Dada ce, mahaifiyata. Wata wake-wake ce mai gajerun ƙafafu, jikar kazar da kakata ta ba ta lokacin da muka taso daga ƙauye. Ko baƙo aka yi ba a kallon wajenta.

Na haɗa dusar masara da tsakin dawa da ɗan gero, na zuba ruwa, na rufe. Watan zafi ne, irin wanda ko randa ba ta sanyaya ruwa. Washegari Dada ta buɗe bokitin ta sansana.

"Wannan ai gasara kake yi. Ya isa haka, ka ba su yau. Kuma ruwanka ya yi kaɗan, hatsin ya shanye."

"Dada, ba koko ba ne fa. Kwana uku aka ce."

"Wa ya ce?"

"Masana."

"To, masanan a Gombe suke?"

Na yi dariya na mayar da murfin. Ita da ta shekara talatin tana jiƙa gero, ni da na kalli bidiyo.

Rana ta uku da na buɗe, saman ya bushe, ga wani abu fari-fari da kore-kore ya shimfiɗu kamar auduga. Warin kuma ya canza, ba irin tsamin nan mai daɗi ba. Na tuna mutumin ya yi maganar ƙwayoyin bakteriya masu amfani, sai na ce ai su ne suka fito fili. Na sa muciya na juya shi duka ya shige ciki. Kajin suka yi ta wawaso. Wake-waken ta fi kowa ci, don ita ce ke korar sauran daga kasko. Har hoto na ɗauka.

Kwana biyu ina ba su. A na uku sai ga zawo ko'ina, kaji sun yi jugum a gindin katanga. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Kaltungo da muke kira Mama, ta shigo aron turmi. Ta leƙa bokitin ta ja da baya.

"Ɗana, wannan fumfuna ce. Ruwa ya kamata ya rufe shi ruf. Ko akuya ba za ta ci ba, ka zubar."

Na zubar, na wanke komai, na jiƙa ɓawon maɗaci a ruwan shansu yadda ta ce. Nawa suka fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya. Ta Dada kuwa sai baya take yi. Fukafukai sun sauka, ido a lumshe, zankon ya yi fari.

Da la'asar Dada ta fito da wuƙa ta ajiye a bakin rijiya. Baba yana kan hanya da mota, yankan gidan a hannuna yake.

"Ka yanka ta kafin ta zama mushe."

"Dada, ki ba ni zuwa gobe. Na karanta, in aka ba ta ruwan sukari da gishiri tana tashi."

"Ka karanta."

"Wallahi za ta tashi. Ai sauran sun tashi."

Ban san ko naman za mu ci ba ma, da abin da ke cikinta. Amma na gane ba nama take nufi ba. So take jikar kazar uwarta ta tafi da sunan Allah a wuyanta, ba a ja ta da ƙafa zuwa bola ba. Na gane, kuma duk da haka na ƙi, don in na yanka na yarda ke nan ni na kashe ta.

Na yi ta ɗiga mata ruwan da cokali. Ta haɗiye sau biyu, har na ruga na faɗa wa Dada.

Da na dawo daga sallar asuba na sami kazar a gefen akurki, ƙafafu a miƙe, tururuwa sun fara hawa.

Dada ta fito da buta, ta tsaya. Na jira faɗa, na ma fi son faɗan.

"Kar ka jefa wa karnuka," ta ce. "Ka haƙa rami a bayan gida."

Ƙasar ta yi tauri, sai da na zuba bokiti biyu na ruwa kafin fartanya ta shiga.