Wanda Ya Hau Dutse da Teku a Jininsa

Shekarata saba'in da tara. Talatin da takwas daga cikinsu na yi su ina koyar da kimiyya a garin Neves da ke tsibirin São Tomé, kuma har yau ni ke share tsakar gidana da hannuna. Kada wanda ya karanta wannan ya ji tausayina. Ban roƙa ba, ban kuma cancanta ba.

Idalécio Bandeira, mai kai baƙi nutso a ƙarƙashin teku, ya rasu da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, yana da shekara arba'in da shida. Ya bar matarsa Ermelinda, da 'yarsa Nilza wadda ta gaji sana'arsa tun yana raye.

Idalécio, ɗalibina ne kai, kuma ba ka taɓa barin kirana Malama ba. Kowace Asabar sai na tarar da kifi rataye a ƙusar ƙofata, domin ka san in a hannu ka miƙo ba zan karɓa ba. Idan na yi faɗa ka ce, "Ni ma mamaki nake, Malama. Kifin nan yawo gare shi." Shekarar da kwalekwalen wani masunci ya kife, kwana uku kana nutso har ka fito da gawarsa, don matarsa ta sami kabarin da za ta ziyarta.

Doka ɗaya gare ka: dutse kafin teku. Baƙi kan zo hutun mako guda, suna so su ga kunkurun teku da safe, da yamma su hau dutse kallon magangarar ruwa. Ba ka taɓa yarda ba. Iskar da mai nutso ya shaƙa a can ƙasa narkewa take yi a jininsa. In ya hau tudu kafin ya kwana ya wuni, sai ta taso kamar kumfar lemon da aka buɗe. Ni na rubuta maka wannan gargaɗi a allon rumfarka, cikin harsuna uku.

Yanzu ana cewa a kasuwa bammi ka sha ka manta dokarka. Wasu na cewa mace ka bi zuwa kan dutse. Kwana tara ke nan jirgin Nilza na kan yashi, babu baƙon da zai damƙa numfashinsa ga 'yar mutumin da ya take dokar kansa.

Mace ka bi, gaskiya ne. Ni ce.

Ranar Litinin na hau ni kaɗai zuwa magangarar da ke saman tsohuwar gonar koko. Duk shekara nakan yi haka, in aika hoto ga 'ya'yan ƙanena a Lisbon, waɗanda suka daɗe suna nema mini ɗaki a gidan tsofaffi, don su ga har yanzu da sauran ƙarfina. Ruwa ya sauka a can sama ban gani ba. Rafin da na ƙetare yana iya idon sawu ya rikiɗe ya yi ja. Na zame, gwiwata ta gurɗe, na rarrafa na hau wani dutse a tsakiya. Ina jin manyan duwatsu na gungurawa a ƙarƙashin ruwan, wurin zamana yana rawa. Na ajiye sandata a gefe don in auna tashinsa, ina kallo ya lashe kanta. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, amma ko a lokacin tsoron Lisbon ya fi ƙarfi. Da na kira hukuma, ko maƙwabta, da labari ya ƙetare teku kafin in bushe. Sai na kira ka.

Ka ce, "Malama, yanzu na fito, nutso biyu na yi masu zurfi. Bari in turo miki masunta."

Na ce, "Ban tambaye ka inda ka fito ba. Kada kowa ya ji."

Sannan ka ce, "To, tsohuwa mai rigima. Kada ki motsa."

Ka zo a babur, ka ɗaura igiya a bishiya, ka goya ni. A tsakiyar ruwa, yana dukan ƙirjinka, ka ce, "Wai kifina kyanwa kike ba wa ne? Ba ki kai tukunyar iskar nutso nauyi ba." A gangare na ga kana murza kafaɗa. Sau biyu ka yi tuntuɓe a fili, ka ce ƙafarka ce ta yi sanyi. Na san abin da nake gani. Ni na koyar da shi. Na ce mu wuce asibiti. Ka ce sai ka sauke ni tukuna, ta ƙofar baya, kamar yadda nake so. Ban musa ba. Kafin faɗuwar rana ƙafafunka sun mutu, kafin a sami jirgin saman da zai fitar da kai waje neman magani ka cika, ba ka ambaci sunana ga kowa ba.

Na je jana'izarka ina ɗingishi, na ce sanyin ƙashi ne. Idon Ermelinda ya fi mini rafin nan ban tsoro.

Allah ya jiƙanka, Idalécio, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa inda numfashi ba ya ƙarewa. Ermelinda, Nilza, da dukan dangin Bandeira, ina yi muku ta'aziyya, in akwai ta'aziyyar da ake karɓa daga hannu irin nawa. Masu zuwa nutso su sani: mutumin nan bai manta dokarsa ba, kuma ya koya wa 'yarsa ita tsaf.

Jiya bayan sujadar safe a coci na je gidan Ermelinda na faɗa mata komai, a tsaye. Ba ta ba ni kujera ba, haƙƙinta ne. Na manna takardar nan a ƙarƙashin allon rumfarka, inda kowane baƙo zai gani. Kwafi na biyu kuwa na aika wa 'ya'yan ƙanena a Lisbon tun da safe, da makullin gidana a cikin ambulan.

Felisbela Quaresma
Neves, São Tomé