Na Cire Takalmina a Gidanka, Sha'aban

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, Allah Ya karɓi ran Alhaji Sha'aban, tsohon likita, a gidansa na Manchester. Ina unguwar Small Heath a Birmingham, gidan 'yata Raki, aka bugo mini. Ni Marwa ban yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci ne ya koya mini riƙe alƙalami, sai a yi haƙuri da rubutuna.

Sha'aban, kai ɗan hakimin garinmu ne, ni ɗan majemi. A zamanin ƙuruciyarmu alƙali na sarki ne, ɗan doka da gidan yari ma nasa ne, talaka kuwa ba ya wuce ƙofar fada da takalmi a ƙafa. Da jam'iyyar talakawa ta shigo gari, mutum uku suka yi shawara suka wuce da takalmansu da rana tsaka: Ilu Maƙeri, da Gambo Mai Tsani, da mahaifina Ɗanjuma. Mahaifinka ya sa aka ɗaure su a jikin durumi aka yi ta bulala, sannan aka kai su gidan yari. Biyu suka fito daga gidan yari, mahaifina bai fito ba. Ran nan na rantse ba zan taɓa cire takalmi a gidan jinin mahaifinka ba.

Daga baya soja suka ƙwace kotu da kurkuku daga hannun sarakuna. Muka yi murna. Ba a jima ba wasu daga cikinmu suka ɗinka manyan riguna, su ma suna son a durƙusa musu, sunan mutum ukun nan kuwa ya ɓace kamar ba a yi su ba.

A taron Sallar 'yan Arewa a Birmingham muka haɗu, mu biyu duk da furfura. Na ƙi ba ka hannu. Na faɗi maganar mahaifina a gaban jama'a, ina jiran ka ƙaryata ni. Sai ka ce: "Gaskiya ne, Marwa. Ina kan soro, na gani." Tunda nake ban taɓa jin haka daga bakin ɗan gidanku ba.

Kai ka dinga raka ni wajen GP, likitan unguwarmu, lokacin da ƙafata ta kumbura, tun daga Manchester kake hawo jirgin ƙasa. Da na fara zuwa gidanka na toge a bakin ƙofa, don gida ne na kafet, kowa sai ya cire takalmi. Ba ka roƙe ni ba, ba ka yi mini wa'azi ba. Kujera biyu ka fito da su lungun ƙofa, ka sa kwat, muka sha shayi iska na kaɗa mu. Haka muka yi shekaru. Matarka Hajiya Nana A'isha takan ce mu biyu mun fi jaki taurin kai.

Ranar sadakar uku na zo na tsaya inda na saba. Ɗan ƙanenka Ɗan'azumi ya miƙe a falo yana yabon kakansa, mahaifinka, wai a mulkinsa ko kaza ba a taɓa zalunta ba. Na ɗaga murya daga bakin ƙofa na ce ba haka aka yi ba. Ɗan'azumi ya juyo gare ni. Ya ce yau ranar addu'a ce, ba ranar tatsuniyar tsofaffi ba, in ina da shaida in kawo. Wasu samari 'yan jami'a suka taso za su lallaɓa ni waje. Na riƙe ƙyaure. Shaidata ɗaya ce a duniya, kuma shekaranjiya muka binne ta.

Sai 'yarka Zubaida ta fito daga wajen mata. Da Hausarta mai nauyin harshen Manchester ta ce a sake ni. Ta dubi Ɗan'azumi ta ce: "Yaya, Ilu Maƙeri, Gambo Mai Tsani, Ɗanjuma Majemi. Tun muna yara, bayan kowace sallar asuba Abba yake ambaton su, ya nema musu rahama, ya nema wa Kaka gafara."

Ba ka taɓa faɗa mini ba, Sha'aban.

Ɗan'azumi ya zauna. Ban san ko ya yarda ba. Na sunkuya da ƙyar na kwance igiyar takalmina, na ajiye su kusa da naka, waɗanda ba a riga an ɗauke ba. Na shiga. Ashe kafet ɗin naka kore ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da mahaifina a inuwar da babu sarki sai Shi. Hajiya Nana A'isha, Zubaida, da kai ma Ɗan'azumi, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.