Tushiyar da Aka Rufe da Yashi

Bayansa na fara gani. Ina tsaye a kan turmin da na kifa a gindin dangarmu, ina shanya zanin Inna, sai na hango wani saurayi a duƙe cikin gonar Baba da ke bayan gida. Jar riga ce a jikinsa, rana ta cinye mata kafaɗu. Tushiyar dawa yake haƙa da fartanya. In ya tumɓuke ɗaya sai ya kakkaɓe ƙasar jikinta, ya wurga ta kan tsibi, ya matsa gaba. Na daɗe a kan turmin nan har Inna ta tambaye ni ko zanin ne ya riƙe ni.

Shekarata goma sha bakwai a lokacin, kuma babu littafin soyayyar da ya shigo kasuwar Basirka ban karɓo hayarsa ba. A cikinsu saurayi da baƙar mota yake zuwa, ƙamshin turarensa ya riga shi sallama. Ni nawa ya zo a duƙe da fartanya. Zuciyata ba ta yi gardama ba, ita ta saya masa motar, ta fesa masa turaren.

Ƙauyenmu ba shi da filin kowa da kowa. Dandalin ƙofar gidan mai gari shaguna sun cinye shi tun ina ƙarama. Don haka ƙwallo, kokawa, biki, duk aron gona suke yi, daga girbi zuwa ruwan fari. Gonar Baba ta fi kowace shimfiɗuwa, ita samari suke roƙa. Sharaɗin ɗaya ne: su haƙe tushiya tas. Baba ya huta da sharar gona, su kuma su tsira da ƙafafunsu. Wanda ya taɓa girbi ya san dalili. Karan dawa a karkace ake sare shi, abin da ya rage a ƙasa sai ya yi tsini, in ya bushe kuwa ba shi da maraba da bakin mashi. Kwana goma samarin suke yi suna haƙa. Mai jar riga shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tafiya, don shi ne ya fi su buƙatar filin. Duk ƙasar Gwaram ana cewa ba a ga mai gudu da ƙwallo irinsa ba.

Kafin wata biyu ya fara tsayawa a zaurenmu bayan la'asar.

"Malama mai littafi," in ji shi, "yau a shafi na nawa nake?"

"Ba ka shiga ba tukuna. Kana bango."

"To a yi mini hoto mai kyau. Kar a zana ni da fartanya."

Baba ba mutum ne mai tsanani ba. Ya kira shi wata rana, ina laɓe a bayan ƙofa, ya ce, "Ban ƙi ka ba. Amma gonarku ku bakwai ne a kanta. Ƙwallo kuma ban taɓa ganin an tuƙa ta an ci ba. Ka nuna mini abin da za ka riƙe mace da shi kafin damina ta faɗi, sai ka turo manyanka."

Ya kuwa samo hanya. Wani koci daga Birnin Kudu ya yarda zai kawo ƙungiyarsa su buga da samarinmu wata Asabar, don ya gan shi da idonsa. In ya yi masa, zai ɗauke shi, kuma uban ƙungiyar zai ba shi aiki a shagonsa. Aurenmu kenan ya rataya a kan yammaci ɗaya. Ni har na gama shirya mana ɗaki a Birnin Kudu cikin kaina, da labule ruwan hoda.

Sai aka sa ranar bikin Yayana. Dangin amarya daga Sara suka zaɓi wannan Asabar ɗin, ba da wata manufa ba, ba su ma san da wasan ba. Baƙi za su cika gari, kuma babu inda za a kafa rumfuna a jera kujeru sai gonar da samari suka share. Ranar Alhamis mai jar riga ya zo ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, ko gefe ɗaya a bar mana."

"Ku yi ta harbin baƙina da ƙwallo? Gona tawa, ɗa nawa. Ku ɗaga wasan mana."

"Mutumin ya ce in ba wannan ranar ba, sai baɗi."

Baba ya ce, "Ka yi haƙuri. Ba ni da gona biyu a bayan gida."

Na juya maganar nan shekara da shekaru ina neman mugu a cikinta, don a littafi kullum akwai mugu. Ban samu ba.

Maƙwabcinmu ya ba su aron tasa gonar. Makiyaya sun yi wata guda a cikinta da shanu suna zuba masa taki, tushiya kuwa tana nan tsaye cik. Aikin kwana goma, ga shi saura yammacin Juma'a da safiyar Asabar. Suka haƙe tsakiya da gaban raga biyu, ƙarfinsu ya ƙare. Sai wani ya kawo shawara a sare sauran daidai da ƙasa, a ɗebo yashi daga rafi a amalanke a rufe. Abin da ya fi damunsu kada 'yan birni su zo su ga tushiya, su koma suna dariya cewa a gona muke ƙwallo. An gaya mini mai jar riga ya ce, "Tushiya ba a sare ta, haƙa ake yi." Amma rana tana tafiya, shi ma ya ɗauki shebur. Da suka gama, fili ya yi fes kamar an shimfiɗa tabarma. Da sun bar tushiyar a tsaye, kowa zai gan ta ya kauce.

Ranar Asabar ina cikin anko, hannuna ya sha lalle, ina raba wa baƙi fura. Kiɗan biki ta dama, usur ɗin alƙalin wasa ta hagu. Da na sami sarari na zagaya na hau turmina. Daga nan ana hango gonar maƙwabci ta saman rumfuna.

Na gan shi ya ci ƙwallo ɗaya. Na ga kocin, wani mai farar hula, ya miƙe daga kan benci. Sannan na ga mai jar riga ya tsaya ya cire takalman robarsa ya jefar, don santsi suke masa a kan yashi. Can aka bugo masa wata doguwa ta gefen fili. Ya bi ta da gudun nan nasa, ya kusa cim mata, sai kawai ya zauna. Bai yi ihu ba. Ya zauna ya riƙe ƙafarsa ta dama da hannu biyu, yana kallonta kamar ta wani ce. Na tsaya ina jiran ya tashi, don na karanta irin wannan wurin sau da yawa, kullum tashi suke yi. Mutane suka rufe shi. A cikin rumfuna maroƙi yana ta kirarin ango.

Tushiyar ta shige ta tafin ƙafa ta karye a ciki. A gida aka zare abin da aka iya zarewa, aka zuba man kaɗanya mai zafi, aka ɗaure. Mahaifiyarsa ta ce sara da suka ai ba baƙon manomi ba ne. Ƙasar kuwa ta sha kashin shanu. Sai da ƙafar ta kumbura ta yi baƙi aka ɗora shi a babur zuwa titi, daga nan mota ta kai shi asibiti a Birnin Kudu. Likitoci suka ce an makara. Daga ƙasan gwiwa suka yanke.

Garin da na shirya mana ɗaki, haka ya shige shi.

Bayan an dawo da shi na je dubiya sau biyu tare da ƙawata. Tun daga hanya nake bitar kalaman da zan faɗa, masu daɗi, irin na 'yan matan littafi da ke rantsuwa ko a kan tabarmar kaba za su zauna da masoyinsu. Da na shiga ɗakin na ji warin magani, na ga inda zanin ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa, sai kalaman suka gudu. "Sannu" kawai na iya cewa, na yi ta maimaitawa. A zuwa na biyu ya dube ni ya yi murmushi.

"Malama, rufe littafin nan haka. Ba shi da daɗi daga nan."

Na yi kuka. Amma ban ce a'a ba, kuma ban sake komawa ba. Babu wanda ya hana ni. Wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: da na fito daga gidan, a ƙarƙashin kukan akwai wani sanyi da na ji, irin na wanda aka sauke wa kaya. Bayan shekara biyu na auri wani malamin makaranta, da son raina, muka tare a Birnin Kudu.

Shekarar da Baba zai rasu ya kira mai gari ya ce ya bayar da gonar bayan gida ga jama'a. Yayyena suka yi ta tambayarsa dalili, ya ce ƙasarta ta gaji. Kowa ya san babu gonar da ta kai ta albarka. Ƙungiyar ci gaban ƙauyukanmu ta karɓa. Wasu suka kawo bulo, wasu kwano, samari suka yi aikin gayya. A hankali aka katange wurin, aka daidaita fili, aka gina ɗakin taro a gefe, aka haƙa rijiyar burtsatse. A bakin ƙofa akwai allo da kwamiti ke rubuta ranar da kowa zai yi amfani da wurin.

Yanzu a nan ake kokawar kaka, samarin makiyaya da na manoma. A nan ake zaman sulhu kafin a saki shanu cikin gonaki. Mata suna koyon karatu da ɗinki a ɗakin, ana yi wa jarirai allura a barandarsa. Ko da damina ana ƙwallo. Ba mai durƙusa wa wani don aron gona.

Bara na je bikin 'yar Yayana a ɗakin taron. Muna tsakiyar cin abinci sai ihu ya tashi daga fili, an ci ƙwallo. Amarya a ciki, wasa a waje, rana ɗaya, babu wanda ya matsa wa wani. Katangar bulo ce kawai tsakaninsu. Na ajiye cokali.

Da zan fita na gan shi. Yana zaune a bakin ƙofa a kan ɗan benci, sandunansa jingine da katanga, gabansa tulin takalman ƙwallo da yake ɗinkewa. Furfura ta fito masa. Na ce ko zan wuce, ƙafata ta ƙi.

"Ina wuni."

Ya ɗaga kai, ya daɗe yana dubana. "Malama mai littafi. Har yanzu ana karantawa?"

"Na daina."

"Kin kyauta. Ido yake ci." Ya ja zare da haƙori. "Kin ga filinmu? Ko tsakuwa babu, in ji yara."

"In ji yara? Kai ba ka gani ba?"

"Daga nan ma ina ji. Wannan ihun na ɗazu namu ne suka ci."

Matar Yayana ta ba ni sauran labarin a hanya. Bai yi aure ba, yana zaune a gidan ƙanensa. Shi ya fi kowa zirga-zirga lokacin ginin, da sandunansa ya bi gida-gida yana roƙon bulo. Ranar buɗewa aka ajiye masa kujera a sahun gaba, bai zo ba. Washegari ya kawo bencinsa ya ajiye a bakin ƙofa, ya juya wa filin baya. Kullum yana nan daga hantsi zuwa la'asar sakaliya, kuma har yau bai taɓa shiga ciki ba.