Ɗan Farin da Muka Ƙaƙaba wa Baturiya

Har yau in na tuna zangon ƙarshe na shirin nan sai raina ya ɓaci, kuma ba da waɗanda suka shirya shi kaɗai nake fushi ba. Shirin barkwanci ne daga ƙasar Ailan, a kan wata makarantar sakandare a wani ƙaramin gari da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Babu waƙa, babu rawa, babu ko mota mai kyau. Malamai ne masu koɗaɗɗun riguna da yara marasa kunya, sai shugabar makarantar, wata doguwar mata da ban taɓa ganin haƙorinta ba. Wai wannan ne muka yi shekara uku muna bi a tsakar gidanmu da ke Rijiyar Lemo.

Madam ce ta jawo mana. Ƙawar Inna ce, wato mahaifiyata. Ibo ce haihuwar Sabon Gari, tana sayar da leshi da atamfa a kasuwa, Hausar bakinta kuwa ta fi ta wasunmu. Babbar 'yarta tana aikin jinya a Ailan, ita ta ce mata ta nemi shirin ta ga irin mutanen da take zaune a cikinsu. Madam ta kai filas ɗin kwamfuta wurin masu tura finafinai aka zuba mata. Duk Lahadi in ta taso daga coci sai ta hau adaidaita ta zo, ko ɗankwali ba ta sauya ba, ta ce a kunna. Matsalar ita ce Turancin mutanen nan ya fi ƙarfinta. Ta ce kamar da doya mai zafi a baki suke magana, idonta kuma ba ya kama rubutun da ke wucewa a ƙasa. Ni ce malamar Turanci a wata makarantar kuɗi a Sabon Gari, don haka aka naɗa ni tafinta ba tare da an tambaye ni ba. Daga ɗakina a Kwaciri nake ɗauko kwamfuta, a ɗora ta a kan turmi, Inna da Madam da Gwaggo, yayar babana, da maƙwabta biyu ko uku su jeru a tabarma.

A cikin malaman akwai wani saurayi mai koyar da labarin ƙasa, siriri, kullum a jiƙe saboda a keke yake zuwa. Shugabar tana kiran kowa da sunansa, har mai shara, ban da shi. Shi “kai” ne, ko “mai keke”. Ba ta kallon fuskarsa in tana magana, kuma ko allo ya goge sai ta sami abin kushewa.

Ba mu yi nisa da zangon farko ba Inna ta ɗaga hannu ta ce, “A tsayar. Yaron nan ɗanta ne.”

Madam ta ce, “Ɗan wa, Hajiya?”

“Ɗan matar nan mana. Ɗan fari. Ba ki ga ba ta faɗin sunansa ba? Ko ido ba ta yarda su haɗa.”

Gwaggo ta tafa hannu ta ce wallahi ita ma abin yana ta yi mata yawo a zuciya. Maƙwabta suka ce ai a bayyane yake. Madam kaɗai ta turo baki ta ce, “Haba Hajiya, wace uwa ce za ta haifi ɗa ta ƙi kiran sunansa? Ni da sunan tawa 'yar ma ake kirana a kasuwa.”

Inna ta ce, “Ku ai komai naku a baki yake.”

A gabana aka yi wannan magana, babu wadda ta waiwayo ni. Ni ce 'yar farin Inna. Asalinmu Adamawa ne, kakana ya zo Kano fatauci ya zauna a Fagge, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ni “ke” ce in ina kusa, “waccan” in na ba da baya. Ranar da na karɓi kyauta a makaranta Gwaggo ce ta je. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu, daga bakin ƙofa Inna take tsayawa ta tambayi Gwaggo ko an ci abinci a ɗakin nan. Ƙanwata kuwa, autarmu, sunanta sau goma ake kira kafin azahar, har da ja masa wutsiya. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini. Sanin bai taɓa rage mini zafi ba.

Tun daga zango na biyu na gane cewa babu wata uwa da ɗa a shirin nan. Raha ce kawai irin tasu: duk lokacin da ta ce “mai keke” sai a ji a cikin shirin dariyar 'yan kallo ta tashi. Da na faɗi gaskiya a lokacin da an wuce wurin. Amma sai na kama baki, daga baya ma na fara gyara maganganu. Wata rana shugabar ta ce ya fitar da keken nan daga barandarta kafin ta jefa shi a teku. Ni kuma na ce wai ya shigar da kekensa ciki kada ruwa ya lalata masa. Inna ta gyaɗa kai ta ce wa Gwaggo, “Kin ji ko, Yaya? Ba za ta ce tana tausayinsa ba. Sai ta bi ta kan keke.”

Don irin wannan maganar nake yin ƙaryar. Inna ba za ta taɓa zama ta gaya mini abin da ke zuciyar uwa game da ɗan fari ba, amma ga shi tana faɗa a kan wata Baturiya, ni kuma ina zaune a gefe da kwamfuta ina kwasa. In shugabar ta ture kofin shayin da ba ta so zuwa gefen teburinsa, sai in ce don shi ta haɗa. Inna ta ce, “Haka ake yi. Tana sane da bai karya ba.” Sai in koma Kwaciri da wannan a raina, ya riƙe ni har wata Lahadin. Har Madam sai da muka ja ta, ta fara cewa wataƙila a asibiti aka raba su.

Sai ga zangon ƙarshe. Tun fitowar farko aka fara tsaki. An cire mai dafa abincin makarantar, wadda Gwaggo take mutuwar so saboda masifarta, ba tare da an ce ga inda ta tafi ba. Yaran duk sun girma sun yi gemu, amma ana ta cusa su a kayan makaranta. Labarin ya koma wai za a rufe makarantar, kullum taro, kullum takardu. Maƙwabciyarmu ta ce in taro take son kallo ai sai ta bi mijinta ofis. Gwaggo ta ce mutanen nan sun ƙoshi ne, shi ya sa suka daina ƙoƙari. Madam ta kira 'yarta a waya a gabanmu ta ce mata ta gaya wa mutanen garinsu sun ji kunya. Duk da haka babu wadda ta daina zuwa, saboda abu ɗaya ake jira: ranar da matar nan za ta buɗe baki ta kira ɗanta.

Ni na riga na kalli fitowar ƙarshe a ɗakina tun ranar Alhamis, har na shirya ƙaryar da zan yi. Zan ce ta ce masa sunansa ya fi ƙarfin bakinta. Da Inna ta yi ƙwalla, da kowa ya tashi lafiya.

A satin ne aka ba ni mataimakiyar shugaban makarantarmu. Na faɗa ranar Lahadin kafin a kunna. Madam ta miƙe ta rungume ni tana rawa, tana “'yata, 'yata”, Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Inna tana tsintar wake a faranti. Ba ta ɗago ba ta ce, “To, Allah ya taya riƙo,” kamar da waken take magana. Ko minti biyu ba a yi ba ƙanwata ta shigo da sabon lalle, Inna ta ajiye farantin ta kira sunanta, ta kama hannun tana juyawa tana yaba zanen. Shekara goma sha biyu ina shaƙar alli, lalle ya fi ni. Na kunna shirin.

A ƙarshen shirin an rufe makarantar, malamai sun jeru a baranda, shugabar tana bi tana ba kowa hannu tana kiran sunansa. Ta iso kan mai keke ta tsaya. Kiɗa ya yi ƙasa. Inna ta matso har gwiwarta tana taɓa turmin. Matar ta kalli fuskarsa, karo na farko, ta yi magana, sai dariyar 'yan kallo ta ɓarke.

Gwaggo ta ce, “Me ta ce? Ke, me ta ce?”

Na tsayar da shirin na ce, “Ta ce shekara tara suna aiki tare, kuma gaskiya ba ta taɓa sanin sunansa ba.”

Tsakar gidan ya kaure da hayaniya. Gwaggo ta ce tir da wannan baƙar mata, Allah ya isa Lahadinta. Maƙwabciya ta ce dama ta faɗa, mutanen da ke kai iyayensu gidan tsofaffi me suka sani game da haihuwa, alhali ba ta taɓa faɗa ba. Ɗayar ta ce a goge shirin daga filas ɗin, kada yara su gani. Madam kuwa ta kifa da dariya, tana dukan cinya, hawaye yana zuba, tana cewa, “Shekara uku! Shekara uku muna yi wa matar nan renon ɗan da ba ta haifa ba!”

Inna ta ce, “Ƙarya ne. Waccan ba ta fassara daidai ba.”

Madam ta sa aka mayar baya, ta kasa kunne, ta ce wannan kam ko ita ta ji, haka aka ce. Inna ta juya mata a fusace. “A gidana za ki zauna kina yi mini dariya, Madam? Da kika zo da shirmen nan wa ya roƙe ki?”

Kalmar “waccan” ce ta ƙarasa ni. Na ce yau ne kaɗai na fassara daidai. Na ce maganar keke ƙarya ce, cewa ta yi za ta jefa shi a teku. Shayin ma ƙarya ce. Na lissafo su ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗin yadda fuskar Inna take sauyawa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin. Na ce matar nan ba kunya take ji ba, ba ta damu da shi ba ne kawai, kuma daga waje duk ɗaya suke. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na kalli tsakiyar idonta na ce, “Ke Inna, kin san nawa sunan?”

Gwaggo ta ce, “Ke! Kina hauka ne?”

Dariyar Madam ta ɗauke. Maƙwabta suka fara laluben takalmansu. Inna ta kalli farantin waken, sannan ta ce wa Gwaggo, ba ni ba, “Yaya, gaya wa waccan wanda ya zaɓi sunan.” Ta tashi ta shige ɗaki.

Gwaggo ta harare ni kafin ta yi magana. Ta ce babana wani suna daban ya zaɓa, har ya gaya wa liman. Inna, tana yarinya mai jegon fari, wadda ko kallon jaririyar bai kamata a ga tana yi ba, ta aiki Gwaggo ta ce ga sunan da take so, tun tana budurwa ta ajiye shi. Aka ce ba ta da kunya, kakata ta yi ta faɗa har maƙwabta suka ji. Sai Inna ta ture kunun kanwa. Kwana uku ba ta sha ba, sai da babana ya koma wurin liman. Gwaggo ta ce, “An shekara ana yi mata gori a kan sunan nan naki. Ga shi yau ke ma kin yi naki.”

 Fushina bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai zauna. Madam ta zare filas ɗinta ta fita ba sallama, kuma sai da aka yi wata guda kafin ta sake taka gidanmu. Na naɗe wayar kwamfuta, na saɓa jakata na nufi zaure.

A nan na tarar da Inna, ta fito ta tsaya tana kallon bango. Na ɗauka ko yau za ta faɗa, har na rage tafiya. Sai ta ce, “Jakar nan hannunta ya kusa tsinkewa. A bar ta a kai wa baduku. Mataimakiyar shugaba ba ta yawo da irin wannan.”

Na so in ce mata sunana nake so, ba gyaran jaka ba.  Na juye kayana a leda, na ajiye jakar a kan dakali kusa da ƙafarta, na fita neman adaidaita.