Kekunan Tela Dogo

Tela Dogo bai taɓa cin matarsa a gardama ba, balle ranar da ta leƙa shagonsa ta tarar ya jera matattun kekunan ɗinki, ya goge su da mai suna sheƙi.

"Maigida, shago ne wannan ko maƙabarta?"

"Don masu kawo ɗinki su ga harka ta buɗe."

"To, ka nemo gawawwakin teloli su hau kai mana!"

Dogo dai bai kwashe su ba. Masu karɓar haraji kuwa suka ga harka ta buɗe. Suka rubuta shi mai masana'anta, suka lafta masa harajin da ya fi ƙarfinsa, suka garƙame shagon.

Ya ɗauki lauya. Yau a ɗage shari'a, gobe alƙali ya yi tafiya, jibi lauya na son kuɗin mota. A haka kekensa guda mai aiki, da ya saura a gida, ya bi hanyar kasuwa. Da kotu ta aiko aka taka kekunan shago, babu wanda ya motsa. Dogo ya yi nasara, aka buɗe masa ƙofa, sai dai masu ɗinki sun watse, ido ma ya dushe. Yanzu faci yake yi da allura.

Ƙanensa ya dage wai a je a gode wa lauya, ai shi ya cece shi.

"Ƙwarai, ya ƙwato ni daga bakin kura," in ji Dogo. "Ita haɗiye ni za ta yi lokaci guda. Shi kuwa mai ilimi ne, da cokali ya ci."