Eriyar Motar Kawu

Kawuna yana da wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, irin wadda Amurkawa suke yawon hutu da ita. Akwai gado, akwai murhu, akwai ɗan banɗakin da sai mutum ya karkace kafin ya iya rufe ƙofa. Shi dai bai taɓa yin hutu da ita ba. Mutumin Maraɗi ne, kasuwa a jininsa take. Da zarar zafi ya shigo sai ya cika ta da huluna da tabarau da jakunkuna, ya ɗauki matarsa, su bi garuruwan da ake cin kasuwar biki, yau nan gobe can, sai sanyi ya koro su su dawo gida unguwar Park Hill, a nan Amurka.

Ni a Kano aka haife ni, mahaifiyata ƙanwarsa ce. Da na zo ƙasar nan a gidansu na sauka, a kujerar falonsu na yi ta kwana har na sami aikin ja wa gidaje wayar intanet, na koma wata unguwa da ake kira Jamaica da zama. Matar tasa Inna nake ce mata. Mace ce mai baki, ba ta gajiya da magana. Tana tuƙa tuwo tana yi wa tukunya faɗa, tana amsa waya, tana kuma tambayata yaushe zan daina sa wando kamar na aro.

Sau ɗaya na bi su irin wannan tafiya, a nan na ga yadda suke kallon talabijin. Abin murɗa eriya daga cikin mota ya daɗe da karyewa, Kawu kuwa bai ga dalilin kai wa mai gyara ba. Ya ɗaure eriyar a jikin bututun ƙarfe, duk garin da suka tsaya sai ya hau tsanin bayan mota ya riƙa juya ta da hannu, kamar yadda yake yi da gora a kan rufin gidansu na Maraɗi. Inna tana ciki gaban akwatin, shi yana sama yana leƙowa ta ƴar tagar rufi.

"Hajiya, ya yi?"

"Koma baya. A'a, ka wuce. Kai wai hannunka ba ya jin magana ne?"

Ba labarai take nema ba. Kokawar da ake nunawa a wata tashar masu jin Sifaniyanci take so, ta ƙartin nan masu rufe fuska, ko kalma ɗaya ba ta ji amma ta san mugu ta san na kirki. Ranar na lura hoton ya daɗe da fitowa tas, amma ta bar bawan Allah yana ta juyi a cikin rana. Da na buɗe baki zan yi magana sai ta kashe mini ido.

Shekaru bayan haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ta tashi da rai, alhamdu lillahi, ƙafa ma ta ɗan dawo, tana takawa da sanda. Magana ce ta ƙi. A asibiti sun ce kalmomin suna nan ba su ɓata ba, hanyar fitowa ce ta toshe, kuma in ba ta riƙa gwadawa ba, kullum toshewar ƙaruwa za ta yi. Akwai wata baiwar Allah da take zuwa gida da katuna masu hotuna, ta ɗaga hoton kofi ta ce a faɗi sunansa. Inna ta gwada sau ɗaya, ta ji yadda muryarta ta fito a karkace, daga nan ta juya fuska bango. Matar da ta aurar da ƴaƴa, a ce wai ta faɗi sunan kofi. Ban ga laifinta ba.

Mu kuma muka ƙara lalata abin da tausayi. In masu dubiya suka ce, "Hajiya, ya jiki?" kafin ta motsa leɓe wani ya amsa mata, "Da sauƙi." In ta kalli buta an miƙo, in ta kalli taga an rufe. Gidan da a da ba ka jin kiran waya saboda muryarta ya koma sai ƙarar firiji.

Wata rana Kawu ya rako ni bakin lifta, ya tsaya yana wasa da carbinsa.

"Ɗana, tsoro nika ji," ya ce. "Kada in mutu ban sake jin ta yi mini faɗa ba."

Ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Na yi ta danna maɓallin liftar kamar shi zai hanzarta ta.

Motar tun da aka kwantar da Inna tana ajiye a bayan garejin wani makaniki, mutumin Kumasi, a unguwar Tompkinsville. Kawu ya yanke shawarar ya riƙa kai Inna can ran Lahadi, ta sha iska, ta huta da ɗakin da ya zame mata kamar asibiti. Sai ya kira ni.

"Telen ga ta gaji, hoton duk ya dushe. Ina so ka sa mata sabuwa, irin mai faɗin nan."

Na ce na ji, amma da sharaɗi. Eriya ma za a canza. Akwai wata sabuwa mai kama da faifan rufe ƙwarya, ana kafa ta a rufi sau ɗaya, tana kamo tasha ta kowace fuska, ba juyi ba hawa.

"Kawu, gwiwarka ba ta hawa bas sai da addu'a. Ni ba zan yi jinyar mutum biyu ba."

Ya yi gunaguni ya ce yaran yanzu ba su da kunya, amma ya yarda.

Ran Lahadin da muka sa, bayan azahar, muka taimaka wa Inna ta hau motar, muka zaunar da ita a kujerar da ta saba, muka sa mata filo a ɓarin da ba ya motsi. Ta bi ko'ina da kallo, tukwanenta, labulen da ta ɗinka da hannunta. Na sauke tsohon akwatin da ƙyar, nauyinsa kamar buhun shinkafa, na ɗaura sabuwar a kan ƙarfen da yake kulle ta don kada ta faɗo in mota tana tafiya. Kafin in huda rufin mutane, na ce bari in haɗa ta da tsohuwar eriyar in tabbatar tana aiki. Na sa ta nemo tashoshi. Wasu suka fito, ta kokawar kuwa sai ta nuno ƙato ɗaya ya ɗaga hannu, hoton ya daskare, ya farfashe gida-gida.

Kaina yana cikin kabad ina bin waya sai na ji taku a samana. Raina ya ɓaci nan take. Na juya baya na ɗan lokaci kawai, tsohon nan ya lallaɓa ya hau tsani. Na fito da kai zan yi masa tsawa, sai ga fuskarsa a ƴar tagar rufi.

"Hajiya, ya yi?"

Ba da wata dabara ya faɗa ba, na tabbata. Baki ne ya saba. Shi kansa da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya kau da kai. Tausayinsa ya kama ni, na ja numfashi zan amsa mata kamar yadda muka saba.

"Koma."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na waiga. Idonta yana kan hoton, ta ɗaure fuska, leɓenta yana rawa.

"Koma... baya."

Can sama babu motsi. Sai kuma na ji bututun ya yi ƙara a hankali. Ƙaton ya sauke hannu, ya sake daskarewa.

"Ka... wuce."

Bututun ya dawo kaɗan. Hoton ya buɗe gaba ɗaya, ga jama'a suna ihu, ga wani ya ɗauki wani ya maka da ƙasa.

"Ya yi," in ji Inna, ta gyara zama.

Na tsaya da sukurdireba a hannu kamar wawa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai da makanikin ya ƙwanƙwasa jikin mota.

"Masta, ka zo ka gani. Alaji ya zauna kan top, ya ƙi sauka."

Na fita. Kawu yana zaune a kan rufin, ya rungume bututun da hannu ɗaya, yana share fuska da hularsa. Ya ce iskar teku ce take sa masa ruwan ido. Na ce haka ne, Kawu, ni ma tana sa mini.

Sai daga baya na gane abin. Mai katuna ta san kofi kofi ne, mu ma duk abin da muke tambayarta mun riga mun san amsa. Shi kuwa a can sama ba ya ganin hoton. In ba ta faɗa ba, babu yadda zai sani, kuma ba za ta ga kokawarta ba.

Da muka sauko da shi ya ce in mayar da sabuwar eriyar inda na samo ta. Na ce ni kuma in na sake ganinsa a kan rufi zan kwance tsanin in jefa a teku. Muka yi ta ja, har makanikin ya gaji da mu ya shiga tsakani. Ya samo dogon bututu ya haɗa da na saman, ya sauko da shi ta gefen mota daidai tagar da Inna take zama, ya yi masa mariƙi. Yanzu Kawu yana tsaye a ƙasa yake juyawa, ya ba hoton baya. Sabuwar eriyar tana nan cikin kwalinta a ƙarƙashin gado, ni mai sana'ar waya ban taɓa kafa ta ba.

Ba zan ce Inna ta warke ba. Ba ta dawo yadda take ba, kuma mai yiwuwa ba za ta dawo ba. Amma kalmomi sun riƙa zuwa ɗaya-ɗaya. Ta ce shayi. Ta ce rufe ƙofa. Mu ma muka koyi kame baki mu jira ta. Na kuma lura duk Lahadi kafin su tafi gida Kawu yana murɗe mariƙin ya kau da eriyar daga saiti, don a sami abin nema mako mai zuwa. Ya ɗauka ba wanda ya gani.

Wata Lahadi da sanyi ya fara shigowa na je na same su. Ina zaune kusa da ita, Kawu yana waje cikin babbar rigar sanyi, hannu a kan mariƙi. Juyi biyu ya yi hoton ya fito tas, har zufar ƙartin ana gani.

"Hajiya, ya yi?"

Inna ta kalli hoton. Ta juyo ta kalle ni, ɓarin bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga, ta kashe mini ido.

"Koma baya," ta ce.

Na sunkuyar da kai don kada ta ga fuskata. A waje na ji bututun yana juyawa.