Injin da Aka Yi wa Addu'a a Tudu

Asubar fari muka bar Kafanchan a bayan wata a-kori-kura, ni da abokin aikina na loko, wato wurin gyaran kan jirgin ƙasa, da wani mai bishara da ya zo ɗaukarmu. Ni makanikin reluwe ne, kuma ba yabon kai ba, duk ƙarfen da ke shan mai in ya yi tari na san inda ke masa ciwo. Saƙon da mai bishara ya kawo shi ne injin kwalekwalen ƙauyensu, can bayan Godogodo, yana yin zafi har ya yi hayaƙi. Jin haka na aika Kaduna aka nemo mini farfelar roba irin tasa, na jefa a jakar sifanu.

Damina ta yi wa hanya kaca-kaca. Direbanmu ba ya kauce wa rami, sai ya shiga ya gaishe shi sannan ya fito. A Gidan Waya muka karya kumallo da gasasshiyar doya da manja. Mai doyar har yanzu da sule take ciniki, ta ce kwabon zamani bai shiga kanta ba. Doyar kuwa gari gare ta, na ci har na ji kunya.

A mota ne mai bishara ya fasa mana ƙwan. Ashe maganar ta wuce inji. Ƙauyen ne suka yi karo-karo da kuɗin citta suka sayi tsohon inji, don in kogi ya cika a riƙa ƙetarar da marasa lafiya. Suka damƙa shi ga wani tsohon soja da kowa ke kira Kofur, don ya taɓa tuƙa jirgin ruwa a lokacin yaƙi. Fitarsa ta farko injin ya ƙone musu a tsakiyar ruwa, da ƙyar aka kai gaɓa da filafili. Dattawan ikilisiya suka ce burkutu Kofur ya sha. Ranar Lahadi za a karɓe jirgin daga hannunsa a sa shi ƙarƙashin horo a gaban jama'a, mutumin da ya bar giya tun dawowarsa daga fagen yaƙi.

Daga Godogodo muka taka da ƙafa cikin gonakin acca da dawa, ciyawa na jiƙa mana wando. Da hantsi muka iso bakin kogi, ruwan ja wur, yana tafe da rassan itace. Rabin ƙauyen na nan suna jira. Kofur na gefe shi kaɗai, dogo, ya rame, ya rungume hannu. Tausayinsa ya kama ni tun kafin mu gaisa.

Irin wannan inji da ruwan kogi yake shan iska. Can ƙasa a ƙafarsa akwai farfelar roba da ke zuƙo ruwa ta tura shi sama ya zagaye kan inji, sannan ya fito ta baya, abin da masu jirgi ke kira fitsari. A sama kuma akwai tamosta, ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba, mai tsare ruwan har inji ya yi ɗumi sannan ya buɗe masa hanya. Na kwance murfin na tarar da gurbinsa wayam.

"Oga, wani makaniki na Godogodo ne ya cire," in ji Kofur. "Ya ce wannan na ƙasan Turawa ne, mu nan ba mu da sanyi. Amma ko da ya cire, zafi bai bari ba."

Wannan ɗabi'a ta makanikanmu tana ci mini rai. Da mota ta yi zafi sai su zare tamosta su yar, kamar mai ciwon ciki ya yanke yatsa. Inji marar tamosta ba ya yin ɗumin da ya kamata, sai fulogi ya yi baƙi, ya mutu maka a inda ba ka so. Allah ya sa Kofur ya adana nasa a gwangwanin taba. Na roƙi tafasasshen ruwa na jefa shi ciki, ya buɗe baki tsaf. Lafiyarsa ƙalau.

Sai muka kwance ƙafar injin. Da na ga farfelar na san an zo wurin. Wadda yashi ya cinye takan siɗe a hankali. Wannan kuwa narkewa ta yi, fukafukanta sun manne kamar robar da ta faɗa murhu. Abu ɗaya ke yin haka. Na ɗaga ta sama na tambayi jama'a ko an taɓa tayar da injin nan ba a cikin ruwa ba.

Shugabar zumuntar mata, wata dattijuwa mai fara'a, ta amsa da alfahari. "Ƙwarai, ɗana. Ranar keɓewa, da aka yi masa addu'a, mun ɗaure shi a kan ganga a gaban coci. Ya yi kuka mai daɗi, muka ce a bar shi har mu gama waƙa. Ai Kofur bai gani ba, ya tafi Kaduna karɓan fansho."

Na yi mata magana da ladabi, don da zuciya ɗaya suka yi. Na ce, "Mama, robar nan ruwa ne ke jiƙa ta. In ta juya a bushe, kafin a gama baiti ɗaya ta ƙone. Injin da kuka ba Kofur ya riga ya mutu tun kafin ya taɓa shi."

Babban dattijon ikilisiya, wanda ya fi kowa zafi a maganar horon, ya karɓi robar ya jujjuya ta, ya daɗe yana kallo. Ni kuwa na ci gaba da aikina. Na sa sabuwar farfela, na busa hanyoyin ruwa don fitar da guntayen tsohuwar, na mayar da tamosta gurbinsa. Muka rataya injin a jirgi, ƙafarsa cikin kogi, Kofur ya ja igiya. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, jim kaɗan ruwa ya fara tsartuwa ta baya. Na sa Kofur ya tara hannu ya ji ɗumi-ɗumin, na ce kullum da wannan zai fara kafin ya ɗauki kowa.

Dattijon nan ne ya fara shiga jirgin, ba wanda ya ce masa ya shiga. Ya zauna kusa da Kofur ya ce da ƙarfi yadda na gaɓa za su ji, "Ɗan'uwa, mun yi maka laifi. Ranar Lahadi ni zan tsaya a gaba, ba kai ba." Muka ƙetare muka dawo, injin ko gezau.

Aka cika mu da gwate mai yakuwa da tuwon acca, aka ɗaura mana kaza da ƙunshin citta. Kofur ya raka mu har bakin mota, yana ɗauke da jakata. Da zan hau ya riƙe hannuna ya ce, "Oga, na san ban sha ba. Amma da kowa ya yi ta faɗa, har ni na fara tambayan kaina."

Mun iso Kafanchan da la'asar, laka har gwiwa. Gyaran bai ba ni wuya ba, na saba da irinsa. Maganar Kofur ce ta biyo ni har gida. Na koyo cewa in abu ya lalace a hannun mutum, a fara kwance ƙarfen a duba kafin a kwance mutuncin mai riƙe da shi, don robar ana samunta a Kaduna.